Farfesa Mai Kalma Ɗaya

Yayata ba ta iya karatu ba. Na faɗa tun da wuri don kada a ce da ni aka haɗa baki, ko da yake in za a bi gaskiya, da ni aka haɗa. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wanki a otal ɗin da muke aiki, ta kuma rufe asirin nan ruf har ma'aikata suka laƙaba mata Farfesa. In ta wuce, mai gadi miƙewa yake. In gardama ta sarƙe a kicin, sai ka ji an ce, "A je a tambayi Farfesa." Ni kuwa da na yi aji shida cur, nake karanta takardar asibiti ba gargada, ba wanda ya taɓa ce mini ko malama. Guga nake yi, Mai Guga kuma ake kirana. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ɗakin wankinmu yana can ƙasan bene, bayan kicin. Kwami biyu ne na siminti, da famfo uku, ɗaya ya fi shekara goma yana ɗiga, sai teburin gugana kusa da taga, sai ƙofar da ke fita filin shanya. A ƙarshen filin akwai wani ɗan ɗaki na ma'aikata, shi aka ba Yaya tun da mijinta ya rasu. Ta dasa lemun tsami a ƙofar, tana ba shi ruwan ɗauraya, ya girma har ya wuce rufin. Allah bai bar mata ɗa ba, ba ta kuma da wani gida a duniya bayan wannan ɗakin. Ɗakin kuwa na mai wankin otal ne. Ranar da aiki ya tafi, da shi zai tafi.

Rashin karatunta ba daƙiƙanci ba ne, ina! Innarmu ta kwanta ciwo ina goye, Yaya tana da shekara tara, sai ta zama uwa. Sa'o'inta na tafiya makaranta, ita tana bakin famfo da wankin maƙwabta. Karatun salla ma da kunne ta ɗauke shi, don abin da ya shiga kunnen Yaya ya shiga ke nan, ko da gatari ba ka fitar da shi. Da kumfar hannunta aka saya mini littafi da fensir. Shi ya sa take kirana 'Yar Boko in tana cikin raha, in kuwa magana ta gaske ce, Auta.

Kalma ɗaya tak ta iya karantawa, ga kuma yadda aka yi. Otal ɗinmu na baƙin nesa ne: 'yan kasuwa, likitoci, injiniyoyi masu zuwa gyaran injin da suka sayar wa wani. A shekararta ta farko tana lalube aljihun rigar wani tsoho kafin ta jiƙa, yadda duk mai wankin ƙwarai ke yi, sai ta ciro takardar da aka naɗe sabulu da ita, da rubutun Larabci a jiki. Da ta kai masa kayansa ta haɗa da takardar, don Yaya ko tsinke ta tsinta a aljihu sai ta mayar. Tsohon ya yi dariya, ya sa yatsa a kan wata kalma ya ce, "Sabun."

"Sabulu?" in ji Yaya.

"Sabun, sabun!" Yana murza tafin hannu.

Ta ce mini ranar ba ta san yadda ta sauko daga bene ba. Mutum ya taso daga bangon duniya, ba ta jin ko "zo" a yarensa, shi ma ba ya jin ko "tafi" a nata, amma abin da take riƙe da shi tun safe har yamma sunansa ɗaya a bakinsu. Ta zauna a gefen kwami da takardar da tsohon ya bar mata, ta ƙura wa kalmar ido har ta zauna mata a ka. Ba da sunan baƙaƙe ta san ta ba, da kayan aikinta ta san ta. In ka tambaye ta sai ta ce, "Daga dama ake farawa. Ga kwano a kife, ga sandar shanya a tsaye, ga ɗigon ruwa ya faɗo ƙasa, ga ludayi, sai baho a ƙarshe da kumfa ɗaya tana yawo a samansa." Ko a juye ka ba ta, ko an kewaye ta da furanni, sai ta tsamo ta.

Daga nan cuta ta kama ta. So take ta ji me kowane baƙo ke ce wa sabulu a garinsu. To amma mai wanki ba ta tare baƙo a hanya ta hau yi masa tambaya, kora ce nan take. Sai Yaya ta ƙirƙiro dabararta, wadda har gobe in na tuna sai na ce Allah ya shirya. In ta ga baƙo sabon iri, sai ta wanke kayansa tas, in goge, a ninke a kai masa, amma safa ƙafa ɗaya ta maƙale a aljihun rigar aikinta. Ba wanda ke kai ƙara ofis kan safa ƙafa ɗaya, kunya yake ji, ba kuma wanda ke iya haƙura da ita. Zuwa la'asar za ka ji takun takalmi a matakala, baƙo ya sauko yana ɗaga marainiyar safarsa. Sai Yaya ta dafe ƙirji, ta ba shi kujera, ta hau nema. Ta ɗaga baho, ta leƙa bayan kwami, ta harare ni kamar ni na haɗiye. Tana nema tana tura masa takardar sabulu tana nuna bakinsa. Sai ya faɗa, ya ƙara da abin da ya sani, rabi da hannu, rabi da guntun Turanci ina fassarawa, sannan safa ta bayyana a ƙarƙashin teburina. Kullum teburina! Baƙi nawa suka koma garinsu suna cewa mai gugar otal ɗin nan sakarya ce, Allah kaɗai ya sani.

Da haka ta cika akwatin ƙarfe da takardun sabulu na garuruwan baƙi, kowace ta san wanda ya ba ta ita, har launin safarsa. Larabawa da Farisawa sabun suke cewa, rubutunsu ma ɗaya. Masu Urdu su ma sabun, sai dai a yawancin takardunsu babu ludayin, Yaya ta ce wataƙila maƙwabta suka ara ba su mayar ba. Mutanen Malay a tsohon rubutunsu sun ɗauke kwanon farko sun sa wani abu mai haƙora irin na matsefi. Turkawa sun bar wannan rubutu amma ba su bar kalmar ba, wani ya zana mata yadda kakansa ke rubuta ta, ga kwano ga baho, ba abin da ya ɓata. Masu Suwahili suka ƙara mata jela, sabuni. "Mu kuwa," in ji Yaya, "kafin ta iso mana ta gaji, harshenta ya yi laushi, ta zama sabulu."

Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne inda kalmar ta bar wanki ta shiga wata sana'a. Wani likita ɗan Masar ya gan ta tana dafa gwiwa in za ta miƙe, ya ce a garinsu ƙoƙon gwiwa sabulun gwiwa ake ce masa. Tun ranar, in sanyi ya motsa mata sai ta ce, "Yau sabulaina biyu sun ƙi kumfa." Wani daga Larabawan yamma ya ce su shi kansa wankin kaya ma sabun suke ce masa. Wani Bafarishe mai sayar da darduma, karin magana biyu ya ba ta, don safa biyu ta riƙe masa. Ya ce a wurinsu in mutum ya sa rai da daɗin da bai zo hannu ba, sai a ce ya shafa wa cikinsa sabulu. In kuma wani ya taɓa cutarka har ka ɗanɗana halinsa, sai ka ce sabulunsa ya taɓa rigarka. Wannan na biyun Yaya ta mai da shi nata. Duk wanda aka ambata a otal, daga mai sito har mai shara, sai ta taɓe baki ta ce, "Bar ni da wannan, sabulunsa ya taɓa rigata."

Asali kuwa daga bakin wani tsohon malamin jami'a ta same shi, mutum mai surutu, wanda bayan an ba shi safarsa ma bai daina saukowa ba. Ya ce kalmar ba ta Larabawa ba ce tun fil'azal, su ma baƙuwa ce a wurinsu. In ji shi, masana sun bi sawunta har can ƙasashen sanyi na Turai, inda Rumawa suka tsince ta a bakin wasu ƙabilu, ta biyo ta hannun Girkawa da maƙwabtansu ta shiga Larabci, fatake kuma suka yi ta yawo da ita. Ya ce wai tun farko ma ba don wanki ake haɗa abin ba, a gashi ake shafawa ya yi ja. Yaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe da 'yar gayu ce, zaman duniya ya mai da ita mai wanki. To ni da ita sai Allah."

Ma'aikata suna ganin Larabawa da Farisawa na sauka ƙasan bene suna zama da ita, suna fita suna dariya suna jinjina mata, ga ta kullum da takardu a hannu. Me za su ce in ba Farfesa ba? Ita ba ta taɓa cewa ta iya karatu ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ta iya ba. In aka kawo mata takardar boko sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ba 'Yar Boko, wannan ƙaramin aiki ne."

Ana nan sai aka kawo mana sabon manaja, matashi, tsaf-tsaf kamar yanzu aka ciro shi daga leda, a otal ɗin ma yake zaune, mu ke wanke masa kaya. Ba mugu ba ne, amma ba ya buɗe baki sau uku bai ce "ƙa'ida ce" ba, kafin mako ya zagayo sunansa ya zama Ƙa'ida. Ya sayo manyan injin wanki biyu, ya ce garin wanki da magungunansu a kwali za su riƙa zuwa daga waje, saboda haka duk ma'aikacin ɗakin wanki dole ya iya karanta abin da ke jikin kwali. Wanda bai iya ba, ƙarshen wata ya kama gabansa. Ranar Litinin kowa ya zo ofis a gwada shi.

Na ja Yaya gefe. Na ce, "Yaya, mu je mu faɗa masa gaskiya, mu roƙe shi."

Ta ce, "Ki roƙi wanda ƙa'ida ta haifa? Ke dai goge mini mayafina mai ruwan toka."

Ranar Litinin ta sa mai gadi ya ɗauko mata akwatin ƙarfen nan har ofis, aka dire shi a kan tebur. Ƙa'ida ya miƙo mata takardar boko, ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ta yara ce, ƙanwata ma ta iya. Kwalayen nan da ka ce, ba daga ƙasashen masu rubutun dama za su zo ba? To da wane yare kake so mu fara?"

Ta buɗe akwati. Ta ɗauko ta Larabci ta sa yatsa, sabun. Ta ɗauko ta Urdu ta nuna masa inda ludayi ya ɓata. Ta bi da shi ta kan ƙoƙon gwiwa, ta shafa masa sabulu a ciki, ta kai shi ƙasashen sanyi ta rina masa gashi ja, ta dawo da shi ta hannun Girkawa. Ina bakin ƙofa ina salati a zuci. Shi kuwa bawan Allah, ɗan abin da ya koya na rubutun dama yana yaro ya daɗe da bin ruwa, amma girman kai ba zai bar shi ya ce bai gane ba. Ya karɓi takarda ɗaya mai rubutu da lanƙwashe-lanƙwashe, ya ƙura mata ido yana gyaɗa kai, yana cewa, "Haka ne, Mama, haka aka rubuta." A juye ya riƙe ta, baho yana kife yana zubar da ruwa. Yaya ta gani, ta adana wannan ma.

Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Amma Ƙa'ida ya ji daɗi har ya ba ta muƙami: daga yau ba kwalin da zai shiga sito sai Farfesa ta duba. Yaya ta fito tana taku ɗai-ɗai. Na ce mata, "Ramin ƙarya ƙurarre ne fa."

Ta ce, "Ƙaryar me? Akwai kalmar da na karanta ba daidai ba?"

Bayan kwana tara mota ta zo da kwali arba'in. Aka kira Farfesa. Ta zagaya kwalin farko, gaba da baya, sama da ƙasa. Ga rubutu birjik, irin nata na dama, ja da shuɗi, amma ba kwano, ba ludayi, ba baho. Ta duba na biyu, ta duba na goma. Ni ba zan iya ceto ta ba, rubutun dama in ba da wasali ba makauniya ce ni, ko na haɗa baƙin ma ban san ma'anarsa ba. Amma na san abin da ke ranta. Shekara talatin duk abin da ke wanke kaya da kalmarta a goshinsa take ganin sa. Tunda babu, to ko kuskure aka yi, ko ana so a cuci otal. Da ta ce a buɗe ta shinshina, da hancinta ya fitar da ita, don hancin Yaya ya fi idonta ilimi. Amma mutane sun kewaye ta, Farfesa kuma ba ta shinshina kaya a gaban jama'a. Ta miƙe ta kaɗe hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba sabulu ba ne."

"To mene ne, Mama?"

"Abin da ba sabulu ba. Ni dai ba zan zuba wa kayan baƙi shi ba."

Ƙa'ida ya hau ya zauna. Ya kira ɗan kwangilar da ya kawo kayan ya yi masa wankin babban bargo, ya ce shi ba a yi masa algus, yana da mai karanta yare bakwai a gidan nan. Aka mai da kwali arba'in cikin mota.

Washegari ɗan kwangila ya dawo, da motar, da kwalayen, da wani surukinsa da ya yi karatu a ƙasar Larabawa. A tsakar filin shanya, gaban kowa, surukin ya karanta kwalin tun daga sama har ƙasa. Garin wanki ne na inji, mai kyau ma kuwa. Ya ce masu yin irin wannan ba kasafai suke rubuta sabun a jiki ba, wasu sunaye suke sawa, sabun sun fi barin ta ga na wanka da na wankin hannu. Sannan cikin ladabi, wallahi ba da mugunta ba, ya nuna wani layi ya ce, "Mama, ai ga shi nan. Ko ba ki duba nan ba ne?"

Yaya ta dubi layin. Ta daɗe tana duban sa. Famfon nan mai ɗiga har filin ana jin sa. Can ta ce, "Ɗana, ban iya ba. Kalma ɗaya na sani, ita kuma ba ta zo ba."

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Mai gadi ya sunkuyar da kai ya koma bakin ƙofarsa. Ƙa'ida ya ba ɗan kwangila haƙuri har sau uku, kafin azahar kuma takarda ta sauko daga ofis. Da Hausa ya rubuta ta, wai don kowa ya gane. Layi biyar ce: tunda ta tabbata mai wanki ba ta iya karatu ba, aikinta ya ƙare ranar talatin ga wata, ta kuma ba da makullin ɗaki. Saura kwana goma sha tara.

Ni na karanta mata a gindin lemun tsami. Da na gama, maimakon in lallashe ta, sai baƙin cikina ya fito ta baki. Na ce ai ga irinta nan, na faɗa ba ta ji ba, an yi ta wasa da safar mutane har an yi wasa da makwanci. Ta bar ni na zazzage tas. Sannan ta ce, "Auta, shekara nawa kina guga a gefena?"

Na ce ashirin da shida.

"Na tare Balarabe, na tare Bafarishe, na sace safar malamin jami'a, duk don kalma ɗaya. Ke kina da su dubu a ka, taku uku ne tsakanin kwamina da teburinki. Kin taɓa cewa, Yaya zo in nuna miki?"

Wallahi da mari na ta yi da ya fi. Na buɗe baki in ce ai ba ta tambaya ba, sai na tuna wadda ta goya ni ba za ta iya durƙusa mini ba, ni ya kamata in kai mata har inda take. Can ƙasan raina kuma na san dalilin. Karatun nan shi kaɗai ne abin da na fi ta, ina jin daɗi a nuna ni a ce a ba 'Yar Boko. Na yi kuka, kukan kunya, ita kuwa ta tashi ta kwashe shanya.

Washegari da rana, zannuwan gado suna kan igiya, na shimfiɗa takardar korar a kan teburin guga na ce, "Yaya, zo in nuna miki." Ba mu da wani littafi, da ita muka fara. Tabɗi! Ban taɓa ganin ɗaliba mai gardama irin Yaya ba. Wai don me za a fara daga hagu, duk bahagwai ne suka ƙirƙiro rubutun? Wai "b" da "d" mutum ɗaya ne, tumbinsa kawai ya juya. Sai da ta raɗa wa kowane baƙi suna daga kayan aikinta sannan ya zauna: "s" igiyar da iska ta kaɗa, "a" ƙullin wanki, "u" bokiti, "l" sanda. Tana ɗauka kam, amma kunnen nan nata ya riga idonta. Kafin kwana uku ta haddace takardar daga sama har sa hannu, tana zubo ta ido rufe. Na ce, "Yaya, wannan hadda ce, ba karatu ba."

Ta ce, "Shi Ƙa'ida ya sani?"

Ana cikin haka safar Ƙa'ida ta fara ɓata. Ranar farko ƙafa ɗaya, ya yi shiru. Kafin mako biyu mutumin nan yana da safa bakwai, ba wadda ta san inda 'yar'uwarta take. Ranar ashirin da tara ga wata ma'aikata suka gan shi da baƙa a dama, ruwan ƙasa a hagu, yana tafe yana jan wando ƙasa. Ranar talatin da hantsi muka ji takun takalmi a matakala.

Yaya ta ba shi kujera, amma wannan karon ba ta ɗaga baho ba. Takardar korar ta ɗauko, ta tsaya a gabansa, ta sa yatsa ta karanta masa ita tiryan-tiryan, har da wurin da aka ce mai wanki ba ta iya karatu ba. Ta ninke ta ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan ta ce ban iya karatu ba, ga shi kuma na karanta ta. Ɗayanmu ya yi ƙarya, ko ni ko ita."

Ƙa'ida ba wawa ba ne. Ya ce, "Mama, yatsanki yana layi na biyu, bakinki yana na huɗu. Hadda kika yi."

"To ai ba ni kaɗai ba ce a gidan nan. Akwai wanda na taɓa miƙa wa takarda ya riƙe ta a juye, baho a kife, yana ce mini haka aka rubuta. Ban faɗa wa kowa ba. Har yau dai."

Ya dube ni, na duƙufa kan guga kamar ban taɓa jin Hausa ba. Ya dubi akwatin ƙarfen da muka riga muka ɗaure da igiya, da ƙullin kayanta a bakin ƙofa, ya leƙa ta taga ya ga lemun tsamin. Sannan ya ce, "Ƙa'ida ce, sai an gwada ki da abin da ba ki taɓa gani ba. In kin karanta, kin zauna. In kin kasa, ba ruwana." Ya zaro biro, ya juya bayan takardar, ya rubuta kalma ɗaya dalla-dalla ya miƙa mata.

Daga inda nake ba na hango abin da ya rubuta. Na ajiye dutsen guga. Yaya ta kai takardar kusa da taga. Ta fara daga dama, ta tuna, ta yi tsaki ta koma hagu. Ta ɗora yatsanta mai kaushin wanki a kan baƙin farko.

"Igiya da ƙulli... sa." Ta matsar da yatsa. "Mai tumbi a gaba, da bokiti... bu." Ta tsaya, leɓenta na motsi. "Sanda, da wani bokitin..."

Ta dubi takardar, ta dubi Ƙa'ida, shi kuwa ya mai da ido kan rufin ɗaki. Shekara talatin da ɗaya tana bin kalmar nan gari-gari, ta san ta a hannun Larabawa da Farisawa da mutanen Malay, ba ta taɓa ganin ta a rubuce yadda bakinta ke faɗa ba. Ni kuma da wautata, kwana goma sha takwas ina koya mata takardar kora, ban taɓa tunanin in rubuta mata ita ba.

"Sabulu," in ji Yaya, a hankali, kamar mai kiran sunan wanda ya daɗe a tafiya. Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin mayafi, ta sake dubawa. "Haka muke rubuta ta? Bokiti biyu, ba baho, ba ko kumfa ɗaya? Kai, mun cuci baiwar Allah."

Ƙa'ida ya miƙe ya ce an ci jarrabawa, a kwance akwati. Ya ce amma sito ya fita daga hannunta, kuma kullum da rana Mai Guga ta ci gaba da darasi, ƙa'ida ce. Ya kai bakin matakala ya juyo, murya ƙasa-ƙasa. "Mama... safana fa?"

Yaya ta dafe ƙirji. "Safa? Innalillahi! Auta, ɗaga ƙafarki mu gani."

A ƙarƙashin teburina suke, ina kuma za su kasance? Ya tsuguna ya tsince su yana hararata, ya ƙirga, shida ne. Ta bakwai tana aljihun Yaya har yanzu. Ta ce ba za ta bayyana ba sai ranar da ya sauko ya zauna, ta nuna masa inda baho ke fuskanta.